Shekara 22 Ina Magana Da Bakin Yayana

Ina da shekara 8 Inna ta aike ni kasuwa in sayo barkono, na dawo mata da tattasai. Ta ce, "Barkonon ƙarewa ya yi?" Na gyaɗa kai. Ƙarya nake yi. Barkono na nan tuli a gaban mai kayan miya, amma da na buɗe baki sai leɓɓana suka manne a kan "ba", suka ƙi rabuwa. Mutumin ya zuba mini ido, wata mata a bayana ta ja tsaki, ni kuwa na laluba abin da bakina zai iya furtawa, na saya. Abin da na yi ran nan shi na ci gaba da yi har na haura shekara 40: in bar abin da nake so, in karɓi wanda zan iya faɗa.

In'ina gare ni tun ina ƙarami. A wani ƙauye kusa da Gumel aka haife ni, kuma duk gidanmu ni kaɗai ne haka. Abin da ya ɗaure wa iyayena kai shi ne, a makarantar allo ba a jin komai. In na ɗauki allo na fara rera karatu, tiryan-tiryan nake zubowa kamar kowa. Da an tashi, wani ya ce mini "ya sunanka?", sai harshe ya ɗaure. Wasu suka ce iskanci ne, da gangan nake yi. Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa cewa haka ba. Rubutu ya yi ta karɓo mini, na sha har na manta adadi, ya kuma koya mini addu'ar Annabi Musa, Alaihissalam, wadda ke cikin suratu Ɗaha, inda yake roƙon Allah ya warware ƙullin da ke harshensa don a fahimci maganarsa. Har yau ba na fita gida ban karanta ta ba.

A firamare ne aka ƙarasa ni. Wani malami ya mayar da ni abin nishaɗin aji. Duk ranar da ya ga yara na gyangyaɗi sai ya ce in tashi in karanta. Ina tsaye ina kokawa da kalma ɗaya, aji ya kece da dariya, barci ya washe. Na yafe masa tuntuni. Amma daga wurinsa na koyi cewa shiru ya fi mini rufin asiri.

Shirun kuwa sai ya zame mini ado. Ka san yadda muke: yaron da ba ya ɗaga ido gaban manya, ba ya tsoma baki, shi ne mai tarbiyya. Dattawa suka riƙa nuna ni ga 'ya'yansu, "Ku dubi wane, akwai kunya, akwai natsuwa." Ni ma har na yarda. Na ɗauki tsoro na sa masa babbar riga da rawani, na kira shi kunya, kuma babu wanda ya taɓa ɗaga rigar ya ga abin da ke ciki.

A 1998 na bi yayana Kano. Lokacin ya fara kafuwa a kasuwar Dawanau, kan hanyar Katsina, yana harkar riɗi da zoɓo. Ba mu taɓa zama mun raba aiki ba, aikin ne ya raba kansa. Ni ne sikeli, ni ne littafin lissafi, ni ne sito. In na damƙi riɗi a hannu na tauna 'yan ƙwayoyi, ina iya gaya maka ko ya bushe ko da sauran danshi, ko an yi masa algus da yashi, ko na bara ne aka gauraya da na bana. Na san tan nawa kwantena ke ɗauka, na san abin da za a kashe daga bakin sito har tashar jiragen ruwa ta Apapa. Shi kuwa Yaya baki ne. Allah ya hore masa magana. Zai zauna da manomi a Maigatari su yi ta raha har mutumin ya sallama kaya yana dariya, washegari ya hau jirgi zuwa Legas ya zauna da Ba'indiye ko Bature, ya dawo da kwangila. In ciniki ya yi zafi sai ya waiwayo ya dube ni, in rubuta lamba a takarda in tura masa, shi ya faɗe ta.

Wata rana muna cin abinci ya ce, "Kai fa ka san Annabi Musa ma sai da ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, don ya fi shi fasahar harshe. To ni ne Harunanka, ka kwantar da hankalinka." Muka yi dariya. Na kwantar da hankalin kuwa, shekara 22.

A watan Afrilu na 2020 aka rufe Kano saboda annobar korona. Duk wanda ke garin lokacin ya san yadda aka yi ta rasa dattawa a 'yan makonnin nan. Yaya bai kai dattijo ba, amma yana da hawan jini da ciwon suga. Zazzaɓi ya kama shi a farkon azumi, numfashi ya fara yi masa wuya, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Mutanen da suka raka shi ba su fi a ƙirga da yatsu ba, mutumin da in da lokacin lafiya ne da layinmu bai ɗauki jama'a ba. Ya bar mata biyu da 'ya'ya 11. Ga nawa iyalin, ga Inna.

Wayarsa ce ta fara nuna mini halin da nake ciki. Aka miƙo mini ita bayan addu'ar uku, ta yi ta ƙara. Sai in zuba mata ido har ta katse, sannan in rubuta saƙo ta WhatsApp in ce ina cikin taro. Wane taro, gari a kulle? Masu in'ina sun san abin da nake nufi: waya ta fi komai wuya, don babu fuska, babu hannu, murya ce kaɗai, kuma in ka maƙale sai na can ɓangaren ya yi ta "halo, halo" ya ɗauka sabis ne ya ɗauke.

Kaka ta matso. Harkarmu harkar kaka ce: in ba ka da kuɗi a hannu daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon riɗi da zoɓo ke fitowa, to shekararka ta wuce. Akwai bankin da Yaya ke karɓar lamuni duk shekara, suka ce tunda mai sa hannu ya canza sai na zo na zauna da kwamitinsu. Na shafe mako biyu ina shirya takardu, babu tambayar da ban san amsarta ba. Na shiga na tarar da mutum huɗu a bayan dogon tebur, ɗakin sanyi ƙalau, amma kafin in zauna rigata ta jiƙe. Aka yi mini ta'aziyya, na amsa da kai. Sai wata matashiya a cikinsu ta ce, "Alhaji, nawa kake nema bana?"

Miliyan 50 nake nema. Kalmar "miliyan" kuwa, da Hausa da Turanci, da "mi" ta fara, kuma lamba ba barkono ba ce balle ka musanya ta da tattasai. Leɓɓana suka haɗe. Ina jin wuyana na kumbura, idona ya rufe, ƙafata na bubbuga ƙasa. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina dai kamar an yi sallar azahar an yi la'asar. Ɗaya daga cikinsu, don ya taimake ni, ya ce, "Kamar na bara, miliyan 20?" Na gyaɗa kai.

Na gyaɗa kai, alhali duk takardun da ke gabansu a kan 50 aka gina su. Suka dubi takarda, suka dube ni, suka dubi juna. Sauran tambayoyin da "e" da "a'a" na amsa su. Bayan kwana goma takarda ta zo cewa ba za su iya ba bana. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da zan ba mutum kuɗi, ya kasa faɗin nawa yake so, ba zan ba shi ba. A mota na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Yaya.

Maimakon in gane, sai na nemi sabon Haruna. Na ɗauki wani yaro ɗan dangi da ya gama jami'a, mai Turanci kamar ruwa, na ba shi wayar Yaya da duk lambobin da ke ciki. Shi ke zuwa Legas, shi ke amsa kira. Ba zan tsawaita a nan ba, don zumunci ya fi ƙarfin abin da ya faru. Kaka ɗaya muka yi tare, ta biyu ya buɗe nasa sito, babban mai sayenmu ya bi shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni ne bangon. Matan da ke mana tsintar zoɓo da bakacen riɗi, waɗanda a da sukan kai 60 in aiki ya kankama, suka koma 15. Wata tsohuwa da ta shekara goma tare da mu ta tare ni a bakin sito ta ce, "Alhaji, mun yi laifi ne?" Ko ita ban iya yi wa bayani ba. Kuɗin mota na ba ta.

A 2021 na biya kuɗi na shiga wani taron yini ɗaya a otal, irin wanda ake tallatawa za a mayar da kai gwanin magana. Wani mai kwat ya yi ta zagaye da makirufo yana sa mu ɗaga hannu muna ihun cewa mu zakuna ne. Aka ci shinkafa da kaza, aka raba takardar shaida, aka ɗauki hoto. Mu kusan 100 ne, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya tashi ya yi magana ta minti ɗaya. Takardar na nan, yara sun yi zane a bayanta.

Uwargidana ce ta fasa ƙwan. Malamar makaranta ce, kuma mace ce mai kawaici, shekara 17 ba ta taɓa ambatar in'inata ba. Wani dare ta ce, "Alhaji, in faɗi wata magana ba za ka yi fushi ba? Ina jin ka in kana lissafi kai kaɗai a ɗaki, ina jin ka in kana ja mana salla. Maganar tana nan. Mutane ne kake tsoro." Na ce kunya ce, haka Allah ya yi ni. Ta ce, "Kunya ba ta sa mutum gumi." Na yi fushi, na kwana biyu ba na cin abincinta sosai. A rana ta uku na tambaye ta lambar dattijon da ta ce yana zuwa makarantarsu koya wa ɗalibai muhawara.

Tsohon mai karanta labarai ne a rediyo, ya yi aikinsa a Kaduna, ya yi ritaya ya dawo Kano. Yanzu ma'aikatan kamfanoni da 'yan kasuwa yake horarwa kan yadda za su tsaya gaban jama'a. Malam kawai muke ce masa. Ranar farko, a zaurensa, ya ce in ba shi labarin sana'ata. Na ɗauki kusan rabin awa a kan abin da bai fi minti biyar ba. Bai ƙarasa mini kalma ko ɗaya ba, bai kawar da kai ba, bai ce "yi a hankali" ba. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya jira ni haka ba. Da na gama ya ce, "Alhaji, gaskiya biyu zan gaya maka. Ta farko, ni ba likita ba ne, kuma ba zan cire maka in'ina ba. Duk wanda ya ce zai cire ta cikin wata uku, kuɗinka yake so. Ta biyu, ba in'ina ce ta hana ka bashin nan ba. Gyaɗa kan da ka yi ne."

Na ba shi labarin Harunana. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan yayanka, amma bai ƙarasa maka ƙissar ba. An ba Annabi Musa ɗan'uwansa, gaskiya ne. To amma waye ya tsaya gaban Fir'auna ya yi magana? Har gori Fir'auna ya yi masa cewa da ƙyar yake bayyana magana, yana nan a suratu Zukhruf. Bai koma bayan Haruna ya ɓuya ba."

Kuɗin da ya yanka mini na wata shida bai kai kuɗin buhu uku na riɗi ba a lokacin. Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa, mu bakwai, kuma ni kaɗai ne mai in'ina. Wannan shi ne abin da ya fara girgiza ni. Akwai wata Hajiya mai injin casar shinkafa, ma'aikata sun fi 30 a ƙarƙashinta, amma in ta miƙe tsaye takardar hannunta sai ta riƙa karkarwa, ta yi ta zuba da gudu kamar ana korarta. Akwai wani ma'aikacin banki da zai yi minti goma yana magana mai daɗi, in ya zauna ka rasa me ya ce. Akwai mai kantin magani da muryarsa ba ta wuce ƙirjinsa. Ashe duk shekarun nan da nake ganin kowa gwani ne ni kaɗai ne naƙasasshe, rabin mutanen da ke kewaye da ni su ma a tsorace suke, nasu ne dai ba ya fitowa fili.

Tsarin Malam ba shi da ado. Kowa zai tashi ya yi magana, kowane mako, babu fashi. Yana da kwalaye uku, kore da rawaya da ja, da yake ɗagawa don nuna lokaci. Mutum ɗaya kuma a ba shi gwangwani da gyaɗa, duk sanda mai magana ya ce "eh", ko "wato", ko "ka gane ko", sai a jefa ƙwaya ɗaya, kowa ya ji ƙararta. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba, ya aro ne daga wata ƙungiyar koyon magana mai suna Toastmasters da aka kafa a Amurka a 1924, wadda ke da rassa a Legas da Abuja, shi dai gyaɗar ce tasa. Ma'aikacin bankin nan ya tara ƙwaya 41 a rana ta farko. Ni ban tara da yawa ba, don ban faɗi abu da yawa ba.

Abin da ya fi mini ciwo shi ne bidiyo. Da wayata ya ɗauke ni ya ce in je gida in kalla sau uku. Na kwana biyar ban buɗe ba. Da na buɗe, sai na ga abin da ban zata ba. Maƙalewar da nake ji kamar shekara, da na duba agogon bidiyon daƙiƙa huɗu ce, mafi tsawo bakwai. Abin da ya munana shi ne duk abin da nake yi don in guje mata: rufe ido, sunkuyar da kai, murza hula, fara jimla in sake ta in kama wata, zagaye-zagaye don kada in haɗu da "ba" ko "ma". Mutumin da ke cikin bidiyon bai yi kama da mai in'ina ba. Ya yi kama da wanda ke ɓoye wani abu. Nan na gane abin da mutanen banki suka gani.

Daga nan aka shiga aiki. Ya koya mini numfashi irin na masu rediyo, daga ciki ba daga ƙirji ba, hannu a kan cibiya, in bar iska ta fara fita kafin murya ta biyo ta. Ya nuna mini yadda zan haɗa leɓɓa a hankali a kan "ba" da "ma", taɓawa kawai ba dannawa ba, in ja farkon kalmar kaɗan. In na maƙale kuma, kada in yi kokawa, in tsaya, in saki, in sake shiga kalmar nan dai, ba wata ba. Ya ce shirun da mai magana ya yi da gangan ba ya damun mai sauraro, mai karanta labarai ma da shi yake raba labari da labari. Wasu makonni abin ya yi aiki, wasu ya ƙi.

Sai tsarin magana, wanda wannan kowa ya shafa. Mu Hausawa in za mu nemi abu sai mun zagaya: gaisuwa, tarihi, halin da ƙasa ke ciki, sannan a ƙarshe, in an yi sa'a, buƙata ta leƙo. Malam bai ce a bar gaisuwa ba, ya ce wanda bai gaisa ba ya riga ya faɗi. Amma da an gama, cikin minti na farko ka faɗi abin da ya kawo ka, nawa ne, me za ka yi da shi, yaushe za ka mayar. Hujja ta biyo baya, kuma kada ta wuce uku. Ya sa muka rubuta tambayoyi goma da muka fi tsoron a yi mana, 'yan ajin su zama kwamiti su yi ta jefo mana su ba tausayi. Hajiya mai shinkafa ta fi kowane manajan banki tsanani.

Mun yi gardama da shi a kan kallon ido. Na ce ni ba zan iya zuba wa babba ido ba, rashin kunya ne. Ya ce ya yarda, kuma shi ma ba ya goyon bayan masu horarwar da ke kwaso komai daga littattafan Turawa su juye mana. Gaban Sarki ko surukinka, ka sunkuyar da kai. Amma wanda zai ba ka miliyoyinsa yana neman wani abu a fuskarka, in ka hana shi sai ya cike gurbin da zato. Muka daidaita a kan in dubi mutum tsawon jimla ɗaya, sannan in koma kan na kusa da shi. Har yau a nan nake, kuma ina ganin ya isa.

Inda na turje sosai shi ne da ya ce in riƙa faɗa da bakina, tun farkon zama, cewa ina da in'ina. Na ce wannan kam a'a, abin da na shekara 40 ina rufewa? Ya ce, "Alhaji, wa kake ɓoye wa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya gaya mini kusan mutum ɗaya cikin 100 na manya a duniya na da ita, kuma ta fi yawa ga maza. Ya ba ni labarin Sarki George na 6 na Ingila, mahaifin Sarauniya Elizabeth, wanda wani mai horarwa ɗan Ostareliya, Lionel Logue, ya yi shekaru yana aiki da shi, har ya iya yi wa ƙasarsa jawabi ta rediyo ranar da suka shiga yaƙi a 1939. Ya ce shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, shi ma da ita ya tashi, kuma yana faɗa a fili. Na ce su sarakuna ne, ni ɗan Dawanau ne. Wata biyu muna wannan ja-in-ja.

Abin da ya karya ni aikin gida ne. Ya rubuta mini jerin cefane ya ce in je kasuwar da ba a san ni ba, ni kaɗai, ban da nuni da yatsa: manja, masara, man gyaɗa, barkono. Ban taɓa ba shi labarin aiken Inna ba. Na tsaya gaban wani yaro mai kayan miya, sa'an ɗan cikina, na ce, "Ka yi haƙuri, ina da in'ina." Ya ce, "Ba komai, Baba." Na maƙale a kan barkonon, na tsaya, na saki, na sake shiga, ta fito. Ya auna ya ƙulla ya miƙo mini, ya juya ga na bayana. Shi ke nan. Ban san me na zaci zai faru ba duk shekarun nan. Na kai wa Inna ƙullin, ta ce me za ta yi da barkono har haka, na ce bashi ne nake biya.

A kakar 2022 na zauna da wani sabon mai saye a Legas, da Turancina na sakandare. Na gaisa, na ce ina da in'ina, in na tsaya su jira ni, lambobina dai daidai suke. Ɗayansu ya yi murmushi ya ce ƙaninsa ma haka yake. Na faɗi tan nawa zan iya kawowa, tsabtar kayan, da ranar da tirela za ta tashi. Kwantena biyu suka ba ni na gwaji. Ba wani abin a zo a gani ba ne in aka kwatanta da zamanin Yaya, amma da bakina aka yi.

Jarrabawar gaske a farkon 2023 ta zo, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo. Manomi a ƙauye tsaba yake so a hannu, ba ruwansa da tiransifa, ni kuma ga alkawarin kaya na ɗauka. Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na tara dillalai da manoman da suka saba da Yaya, sun kai 30, a ƙarƙashin wata rumfa. Na miƙe tsaye. Na ce musu ba ni da tsabar kuɗi, kaya nake so bashi, zan biya cikin mako uku, wanda ke da asusu in tura masa yau, wanda ba shi da shi ga sunana ga sitona. Na maƙale ya fi sau goma. Babu wanda ya yi dariya. Wani tsoho da ke tsallakowa daga Nijar ya ce, "Shekara 20 muna ganinka bayan marigayi, mun ɗauka girman kai ne ya hana ka kula mu." Girman kai! Abin da nake kira kunya, ga sunan da wasu suka ba shi. Fiye da rabinsu suka ba ni kaya, na biya kafin wa'adi.

Kada wani ya ɗauka na warke. In'ina na nan, ranar da ban yi barci ba ko raina ya ɓaci takan dawo da ƙarfinta. Kasuwar ma ba ta koma yadda Yaya ya bar ta ba, mata masu tsinta yanzu sun kai 40, tsohuwar nan na cikinsu. Wayarsa dai ni ke ɗauka. Ina zuwa zauren Malam sau ɗaya a wata, yawanci ni ke riƙe gwangwanin gyaɗa.

A Disambar 2024 aka ɗaura auren babban ɗan Yaya. 'Yan'uwa suka fara shawarar wanda zai karɓi aure, wani ya ce a nemi kawunmu na ƙauye don a sauƙaƙa mini. Yaron ya same ni da daddare ya ce, "Baffa, ni kai nake so." Sunansa da "mim" ya fara, kuma suna ba a musanya shi.

Masallaci ya cika bayan sallar Juma'a. Aka miƙo mini makirufo. Na yi sallama, na yi salati, na ce ina nema wa ɗana, sai na tsaya cak a bakin sunan. Wani a bayana ya buɗe baki zai ƙarasa mini, na ɗaga masa hannu. Liman ya jira. Waliyyin amarya ya jira. Na saki numfashi, na taɓa leɓɓa a hankali, sunan ya fito, na bi shi da na yarinyar da sadakin da aka yanka. Waliyyi ya ce sun ba mu. Na ce mun karɓa. Aka shafa Fatiha, sanƙira ya ɗaga murya, yara suka yi kan dabino da alewa, ni kuma na zauna ina laluben hulata da ban san sanda ta faɗi ba.